Tuwon Girma da Miyar Ganye

A shekarar 2009, a wani ƙaramin gari da ake kira Takoma Park, wanda ke jingine da birnin Washington a cikin jihar Maryland ta Amurka, wata ƙungiyar masu rajin tausaya wa dabbobi mai suna Compassion Over Killing ta kira mutanen gari su ɗauki wani alkawari: kwana bakwai cur ba za su kai nama baki ba, na shanu ne, na kaji ne ko kifi. Cikin waɗanda suka amsa kiran har da sanatan da ke wakiltar yankin a majalisar dokokin jihar, Jamie Raskin, malamin shari'a a jami'a. Mako ɗaya ya ce zai yi. Makon ya cika, mutumin nan bai waiwayi nama ba. Ya ci gaba a haka har ya zama ɗan majalisar wakilan tarayya a 2017, inda ake lissafa shi cikin 'yan tsirarun 'yan majalisar da ba sa cin nama.

Daga wannan gari abin ya bazu zuwa sauran sassan ƙasar. Ya zama duk watan Afrilu ana ware mako guda, ana neman kansiloli da magadan gari da 'yan majalisa su fito bainar jama'a su ce sun ajiye nama na kwana bakwai. A ɗauki hotonsu riƙe da faranti cike da ganye da wake, a watsa a jaridu da shafukan sada zumunta.

Ranar da na fara cin karo da labarin nan, raina ne ya ɓaci. Na tuna da wani yaro da na gani a gaban teburin mahauci a unguwarmu da yammacin wata Alhamis, ya damƙe kuɗi a hannu har takardar ta jiƙe da gumi. Ya ce, "Baba, wai in ji Inna a ba ta ƙashin miya." Mahaucin ya dube shi, ya dubi kuɗin, ya sara masa ƙashi biyu, sannan ya yanko wata 'yar tsoka da ba ta fi babban yatsa ba ya jefa a ledar, ya ce, "Wannan gyara ce, ka ce ina gaishe ta." Yaron ya zura da gudu kamar wanda aka yi wa kyautar rago. Na san gidan da ya fito, mutum tara ke ci daga tukunya ɗaya. A irin wannan gida ba a ƙirga kwanakin rashin nama da mako, ana ƙirga su ne daga Babbar Salla zuwa wata Babbar Sallar. To ta yaya babban mutum, wanda firjinsa ke cike, zai yi kwana bakwai yana cin abin da talaka ke ci dole, har a yi ta yi masa tafi?

Sai dai da na natsu na bi maganar daga tushe, na ga bai kamata in auna ta da mudun unguwarmu ba. Ciwon da ke damun Amurka daban yake da namu. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna naman da ke kaiwa ga Ba'amurke ɗaya a shekara ya haura kilo 100, alhali na ɗan Najeriya bai kai kilo 10 ba. A can da nama ake karya kumallo, da shi ake cin abincin rana, da shi ake kwana. Da yawansa kuma ba irin wanda aka yanka da safe aka rataye a kasuwa ba ne, wanda aka niƙa ne a masana'anta, aka cika shi da gishiri da sinadaran hana lalacewa, aka ɗura a leda ko gwangwani. A watan Oktoban 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan sarrafaffen nama cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ta hanji, ta kuma ce jan nama ma akwai zato mai ƙarfi a kansa. Ga ƙiba, ga ciwon zuciya, ga ciwon suga. Likitan da ya ce wa Ba'amurke ya rage nama, gaskiya ya gaya masa.

Akwai kuma batun dabbobin kansu, wanda shi ne ainihin abin da ya tayar da ƙungiyar da ta faro shirin. Mu da muka saba ganin kaza tana tono a tsakar gida, da saniya tana bin makiyayi daga wannan fadama zuwa waccan, da wuya mu iya kwatanta yadda ake kiwo a can. Kaji kimanin biliyan 9 ake yankawa a Amurka duk shekara. Dubun dubata ake cusawa a rufaffiyar rumfa ɗaya, a yi ta ɗura musu abinci, cikin mako shida zuwa bakwai su yi nauyin da ƙafafun wasunsu ke kasa ɗauka, a kwashe su zuwa mayanka ba su taɓa fita sun sha hantsi ba. Masu yin ƙwai kuwa, shekara da shekaru an riƙa tsare mafi yawansu a kejin da kaza ba ta da sararin buɗe fiffikenta. Musulmin da aka koya masa tun yana yaro cewa ba a wasa wuƙa a gaban dabba, ba a yanka wata a kan idon wata, kuma akwai hisabi a kan kyanwar da aka ɗaure ba ci ba sha, ba zai ji wannan ya ce ba ruwansa ba. Nama halal ne, babu mai ja da wannan. Amma halaccinsa bai ba kowa izinin azabtar da abin da zai yanka ba.

Sai batun yanayi, kuma a nan ne abin ya taɓa mu kai tsaye. A 2006 waccan hukuma ta abinci ta fitar da rahoto ta ce kiwon dabbobi ke da alhakin kashi 18 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. A 2013 ta sake lissafi ta ce kashi 14.5 ne. Ko wanne aka ɗauka, kaso ne mai tsoka. Shanu na fitar da wata iska mai tsananin riƙe zafi idan suna tuƙa, ana sare dajin Amazon a Brazil don buɗe makiyaya, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waken suyan da duniya ke nomawa a cikin dabbobi yake ƙarewa. Wannan waken da matanmu ke jiƙawa su markaɗa su tace su yi awara, su ciyar da yara su kuma samu na sabulu, shi ake zuba wa kaji da aladu a can. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 kacal take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma mu ke fama da daminar da ba ta da tabbas, yau fari gobe ambaliya, irin ta 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya. Idan mawadatan duniya suka rage naman da suke ci, manomin Jigawa da makiyayin Damagaram na cikin waɗanda za su amfana. Saboda haka ni ba na cikin masu yi wa shirin dariya.

Ba na kuma raina mako guda don ƙanƙantarsa. Mu da muke azumi mun fi kowa sanin yadda kwanaki ƙididdigaggu ke karya al'adar da ta shekara tana juya mutum. Mutane nawa muka sani da suka bar taba a cikin Ramadan, har yau ba su koma ba? Abin da ya faru da Raskin ke nan. Ya shiga da niyyar kwana bakwai, ya tarar abin da yake ganin ba zai iya rabuwa da shi ba, ashe sabo ne kawai.

Tambayata ita ce: me ke faruwa a rana ta takwas? Cikin sanata ɗaya, ko ma na sanatoci ɗari, ba zai rage komai a lissafin kaji biliyan tara ba. Kuma ba a zaɓi mutum don ya gyara cimarsa ba, wannan kowa na iya yi a gidansa ba tare da an kira 'yan jarida ba. An zaɓe shi ne saboda a hannunsa kasafin kuɗi yake. Shi ke sa hannu a kwangilar abincin makarantu da asibitoci da gidajen yari da barikokin soja, shi ke kaɗa ƙuri'a a kan tallafin da ake ba masu noman masarar da ake ciyar da shanu da ita. Alkawarin mako guda yana da daraja idan ya zama ƙofar shiga waɗannan wurare. Idan kuwa a kan hoto ya tsaya, to domin hoton aka yi shi.

Dubi abin da birnin Ghent na ƙasar Beljiyam ya yi a cikin waccan shekarar ta 2009. A watan Mayu hukumar birnin, tare da wata ƙungiya mai suna EVA, ta ayyana kowace Alhamis a matsayin ranar hutun nama. Kansiloli da ma'aikatan hukumar ne suka fara, a ɗakin cin abincin ofishinsu. Ba su tsaya nan ba. Aka buga taswirori kusan dubu 90 masu nuna gidajen abincin da mutum zai samu abinci marar nama, aka raba wa jama'a. Aka aika wa masu gidajen abinci 'yan ƙasidun girki. Kafin shekarar ta ƙare makarantun da ke ƙarƙashin birnin suka shiga: ranar Alhamis abin da za a ajiye wa yaro a gabansa marar nama ne, sai fa idan iyayensa sun nemi a ba shi mai nama, sai a ba shi. Ba a hana kowa komai ba, ba a rufe shagon mahauci ko ɗaya ba. An dai sauya abin da ake fara miƙa wa mutum. Shugabanni suka fara ci da bakinsu, sannan suka gyara tukunyar hukuma, kuma garuruwa da dama a Beljiyam da Jamus da wasu ƙasashe suka kwaikwaya.

Birnin New York ma ya bi irin wannan hanya, a hankali. An fara gwada Litinin marar nama a makarantu 15 na yankin Brooklyn a 2018, sannan magajin garin lokacin, Bill de Blasio, ya sanar a watan Maris na 2019 cewa za a faɗaɗa shirin zuwa dukkan makarantun gwamnati na birnin, masu ɗalibai sama da miliyan ɗaya. Cikin waɗanda suka fi matsa lamba a kan haka akwai Eric Adams, tsohon ɗan sanda, wanda a lokacin yake shugabantar Brooklyn. Shi ciwo ne ya raba shi da nama. A 2016 likitoci suka gaya masa yana da ciwon suga, idonsa ya fara dushewa, jijiyoyin hannunsa da ƙafarsa sun fara taɓuwa. Ya mayar da cimarsa ganye da hatsi da wake, ya kuma ce da haka ya samu lafiya. Da ya zama magajin gari a farkon 2022 ya sa aka mayar da girkin ranar Juma'a a makarantu marar komai na dabba, sannan asibitocin gwamnatin birnin guda 11 suka mayar da abinci marar nama shi ne wanda ake fara gabatar wa majinyaci, wanda ya ce shi nama yake so a kawo masa.

A kan Adams ɗin nan kuma aka ga wani darasi na daban. A watan Fabrairun 2022 'yan jarida suka bankaɗo cewa mutumin da ke gaya wa duniya ba ya cin komai da ya fito daga dabba, ana ganinsa yana sa a kawo masa kifi a gidajen abinci. Da farko ofishinsa ya musanta, daga baya shi da kansa ya amsa cewa yakan ci kifi jefi-jefi. Cin kifi ba laifi ba ne, kuma bai rage amfanin abin da ya yi wa makarantu da asibitoci ba. Ɓoyewar ce ta jawo masa magana. Shugaban da ya mayar da farantinsa abin wa'azi ya sani an zuba wa farantin ido, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dalilin da ya sa yawancin 'yan siyasa suka fi son alkawarin mako guda a kan taɓa tukunyar hukuma a fili yake. Na farkon ba ya jawo asarar ƙuri'a, na biyun kuwa yana iya kayar da mutum. A watan Yulin 2012 wata 'yar takardar labarai ta cikin gida da ake rubuta wa ma'aikatan Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ba su shawarar su gwada barin nama ranar Litinin a ɗakin cin abincin ma'aikatar. Shawara ce kawai, ga ma'aikata kawai. Ƙungiyar masu kiwon shanu ta ƙasar ta yi caa, sanatocin jihohin kiwo suka taso, har Sanata Chuck Grassley na jihar Iowa ya ce shi zai ƙara yawan naman da yake ci ranar Litinin don ya cike giɓin. Nan da nan ma'aikatar ta janye rubutun, ta ce ba da yawunta aka fitar da shi ba.

A Jamus, jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta sa a cikin manufofinta na zaɓen 2013 cewa a ware rana ɗaya a mako marar nama a ɗakunan cin abinci na ma'aikatu. Jaridar Bild ta ɗauki maganar ta yayata cewa za a ƙwace wa Jamusawa namansu. Jam'iyyar ta sauko daga kashi 10.7 da ta samu a 2009 zuwa kashi 8.4, kuma masu sharhi da dama sun lissafa wannan batu cikin abubuwan da suka ja mata baya. A Faransa ma, da magajin garin Lyon, Grégory Doucet, ya cire nama daga abincin makarantun birnin na ɗan lokaci a 2021, yana cewa don a sauƙaƙa rabon abinci ne a lokacin korona, ministoci daga Paris suka yi masa rubdugu, suna zarginsa da cin mutuncin manoma da mahauta.

Mutane ba sa son a leƙa musu tukunya, ko'ina suke a duniya. Da sun ji ƙamshin tilas sai su bijire, ko da shawarar mai amfani ce. Kuma mai kiwo da mahauci mutane ne masu iyali, duk wanda zai ce a rage nama ya wajaba ya faɗi tanadin da ya yi wa wanda nama ne sana'arsa. Wadda ta fahimci wannan ita ce Barbara Hendricks, ministar muhalli ta Jamus ta wancan lokacin, da a 2017 ta ba da umarnin daina kawo nama da kifi a walimar tarukan da ma'aikatarta ke shiryawa. Ba ta taɓa tukunyar kowa ba. Ta fara da teburin da ake shimfiɗawa da sunanta, da kuɗin jama'a.

Akwai wani irin alkawarin mako guda da ya fi kwanta mini a rai. Cory Booker, wanda yanzu sanata ne daga jihar New Jersey, tun 1992 ya bar cin nama, don haka makon barin nama ba abin da zai koya masa. A watan Disambar 2012, yana magajin garin Newark, ya ɗauki alkawarin kwana bakwai zai ci daga abin da tallafin abinci na gwamnati ke ba talaka ɗaya, kimanin dala 30 a mako. Ya shiga kanti ya sayi wake da dankali da 'yan ganyayyaki, kuɗin suka ƙare. Ya rasa na gahawar da ya saba sha, ya yi ta fama da ciwon kai, ya riƙa cancana abin da ya rage don kada ya ƙare kafin mako ya cika. An soke shi, aka ce wasan kwaikwayo ne, tunda ya san ranar da yunwarsa za ta ƙare, talaka kuwa bai san ranar tasa ba. Akwai gaskiya a sukar. Duk da haka, mutumin da ya taɓa yin kwana bakwai yana auna cokalin wake, idan aka kawo ƙudurin rage tallafin abinci gabansa ba zai karanta shi kamar wanda bai taɓa ba. Gani ya kori ji.

A Indiya a 1965, ga yaƙi da Pakistan ga ƙarancin abinci, ƙasar na dogaro da alkamar Amurka, Firayim Minista Lal Bahadur Shastri ya roƙi jama'a su riƙa tsallake abinci sau ɗaya a mako. An ruwaito cewa sai da ya fara gwadawa a gidansa, da matarsa da 'ya'yansa, kafin ya yi wa ƙasa magana. Mutane suka amsa, har gidajen abinci suka riƙa rufewa da yammacin Litinin. A wannan shekarar kuma gwamnatinsa ta kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa a garin Anand, wadda aikinta ya kai Indiya ga zama ƙasar da ta fi kowace samar da madara a duniya.

Mu kuwa ba ma buƙatar zuwa Indiya ko Maryland neman misali, muna da wanda ya fi su a karatun da muka tashi da shi. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa ƙasar Hijaz. Ƙasa ta ƙone, iska na tashi da ƙura kamar toka, shi ya sa ake kiranta shekarar toka. Dabbobi suka mutu, mutanen karkara suka kwararo Madina. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya rantse ba zai ɗanɗani nama ko man shanu ko nono ba har sai jama'a sun samu. Ya koma gurasa da man zaitun. Malaman tarihi sun ce cikinsa ya riƙa ƙugi, launin jikinsa ya sauya ya yi duhu, har na kusa da shi suka ji tsoron damuwar za ta yi ajalinsa. Bai yanka wa alkawarin ranar ƙarewa ba, ya ɗaura shi ne da ranar da talaka zai ƙoshi, kuma abin ya kai wata tara. Sannan bai zauna yana jin yunwa kawai ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, Abu Ubaida ya iso da ayarin raƙuma daga Sham. Ya sa aka ɗora manyan tukwane ana ciyar da dubban mutane, shi da kansa yana zagayawa yana duba rabo. Ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, ya dakatar da haddin sata a kan wanda yunwa ta tura. Umar bai haramta nama ba, bai ce wa kowa ya daina ci ba. Kansa ya hana, domin ya ga bai dace bakin shugaba ya ji daɗin da bakin talakawansa bai ji ba, kuma yunwar da yake ji ita ta hana shi mantawa da aikin da ke gabansa.

To idan wani ya zo mana da makon barin nama irin na Amurka ya ce mu ɗauka yadda yake, zan ce masa ya yi haƙuri. Ba a ba mai rama maganin mai ƙiba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Yaron da ya tsumbure ba tsawo kaɗai ya rasa ba, har ƙwaƙwalwarsa abin ke taɓawa. Waɗannan yara ƙwai suke buƙata, da nono, da ɗan kifi, da tsokar nama ko da sau biyu ne a mako. Kuma kiwon Bafulatanin da ke bin ciyawar da Allah ya fitar a ƙasar da ba ta nomuwa, ba ɗaya yake da rumfar kaji dubu ashirin ba, bai kamata a ɗora musu laifi ɗaya ba. Batun cin wake da ganye kuwa, mun riga su nisa. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake. Ƙosai, alale, ɗan wake, garau-garau, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, miyar kuka mai daddawa, fate da rama da yakuwa, duk abin da ake yi wa sanata tafi a kansa na kwana bakwai cimar kakanninmu ce, kuma cima ce mai kyau da bai kamata mu raina ta ba.

Masu buƙatar rage nama a cikinmu 'yan kaɗan ne, kuma mun san su: manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da masu mulki na birane, waɗanda darensu ba ya cika sai da tsire ko balangu ko gasasshiyar kaza, ga lemon kwalba, ga zaman mota da ofis, har hawan jini da ciwon suga suka cika majalisunsu. Hausawa na cewa tuwon girma miyarsa nama. Abin da ake nufi shi ne girma na da tsada, babba shi ke kashewa ya ciyar. Mu muka juya maganar, muka mayar da ita babba shi ke cinye naman.

Na taɓa halartar wani taron bita a wani otal, a kan yadda za a yaƙi tamowa a tsakanin ƙananan yara. Aka yi ta jawabai tun safe, aka haska mana a bango hotunan yara masu kumburarren ciki da jan gashi. Da azahar aka buɗe manyan kwanuka: soyayyiyar shinkafa, kaji, naman rago, farfesun kayan ciki, kifi. Na ga farantin da aka ɗora wa cinyar kaza biyu da tsokar rago uku, mai shi ya ci rabi ya ture. Da na fito, a bakin ƙofar baya yara ne kusan goma da robobinsu, suna jiran ma'aikatan otal su fito da ragowar. Ɗaya daga cikinsu, da bai fi shekara bakwai ba, gashin kansa ja ne irin wanda aka haska mana a bango. Har yau ban manta da fuskar yaron nan ba, domin ni ma na ci abincin.

Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, naira 70 aka ware wa kowane yaro a rana, daga baya aka ɗaga zuwa naira 100, kuɗin da a yau ba za su sayi ƙwai ɗaya ba. A farkon 2024 ma aka dakatar da shirin, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Masu yanke waɗannan hukunce-hukunce ba daga tukunyar da suka yanke wa hukunci suke ci ba.

Saboda haka ga roƙona ga masu girma gwamnoni da 'yan majalisa da kwamishinoni da ciyamomi. Ranku ya daɗe, ku ma ku ɗauki alkawarin mako guda, amma irin wanda ya dace da mu. Ku zaɓi makarantar kwana ta gwamnati ɗaya a mazaɓarku, ko babban asibiti, ko sansanin 'yan gudun hijira, a riƙa ɗebo muku daga tukunyarsu safe da rana da dare har kwana bakwai, ba ƙari daga gida, kuma kada a gaya wa masu dafawa wanda zai ci. A cikin makon a dakatar da yanka a gidan gwamnati da walimar taruka, a lissafa kuɗin da aka tsira da su a faɗa wa jama'a. Rana ta takwas ku zauna da kasafin kuɗi a gabanku, ku sa ƙwai da nono da wake a kwanon yaran nan, ku sayo su daga manoma da makiyayan jiharku, ku bi kuɗin har ku ga sun shiga tukunya.

Mu kuma masu zaɓe, idan suka zo neman ƙuri'a, mu tambaye su abin da aka dafa jiya da dare a makarantar kwanan garinmu, da nawa aka kashe wa kowane yaro. Wanda ya kasa amsawa, mu ce masa ya je ya ci daga tukunyar tukuna, sannan ya dawo mu yi maganar ƙuri'a.